Bencin jingine: digiri 30 ko 45, ko kuwa duk ɓata lokaci ne?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum manyan gida. Shawara nake nema. Wata tara ke nan ina ɗaga ƙarfe, kwana huɗu a mako. Ƙasan ƙirjina ya fito ba laifi, amma saman nan da ke ƙarƙashin ƙashin wuya a shafe yake kamar faranti. Aka ce in koma bencin jingine, wanda ake ɗaga wajen kai. Yau wata biyu ina yi, abin da na tsinta ciwon gaban kafaɗar dama ne kawai, ƙirjin ko gezau. Ni ne ban iya ba, ko jingine ɗin ne ƙarya?

Tsohon Ƙarfe: Wa alaikumus salam. Yaro, kilo nawa kake turawa a bencin kwance?

Ɗan Kurna: Baba, 60 sau takwas, har da nauyin sandar.

Tsohon Ƙarfe: To ga amsarka nan. Wanda yake tura 60 ba shi da saman ƙirji ba shi da ƙasan ƙirji, ƙirjin ne gaba ɗaya bai zo ba tukuna. Tun zamanin Abacha nake wannan harka. Siminti muke zubawa a bokitin fenti, mu soka bututun ruwa a tsakiya, mu kwanta a kan bencin mai shayi. Ba wanda ya san wani digiri, kuma je ka tambaya a unguwarmu wa ya fi mu ƙirji. Ka kai 100 a kwance, sannan ka dawo mu yi maganar sama da ƙasa.

Siriri: Baba ya fara tarihin bokitin fenti, kowa ya nemi wurin zama.

Tsohon Ƙarfe: Kai da iska ke kaɗawa, yi mana shiru.

Fisiyo: Baba yana da gaskiya a rabin maganar, Allah ya ƙara girma. Mai wata tara ba ya buƙatar dabaru goma, nauyi yake buƙata da haƙuri. Amma ciwon kafaɗar nan ba a kauda kai daga gare shi, kuma batun sama da ƙasa ba tatsuniya ba ne.

Babbar tsokar ƙirji guda ɗaya ce a kowane ɓangare, amma zarurrukanta ba hanya ɗaya suka bi ba. Kamar mafici take. Wasu sun taso daga ƙashin nan da ke kwance tsakanin wuya da kafaɗa, suka gangaro. Mafi yawa sun taso daga ƙashin tsakiyar ƙirji da guringuntsin haƙarƙari, suka tafi a kwance. Na can ƙasa kuma sun hauro sama. Dukkansu sun haɗu a wuri ɗaya, a jikin ƙashin damtse kusa da hammata. To tsoka ja kawai ta iya, kuma tana ja ne ta inda zarenta ya miƙe. In ka tura hannu gaba yana ɗan haurawa sama, na ƙashin wuya ne suka fi shan aiki. In ka tura shi gaba yana gangarawa, na ƙasa ne. Abin da karkata benci yake yi ke nan, yana sauya inda hannu ya nufa dangane da ƙirji.

Matsalar ita ce tsokar gaban kafaɗa ma daga wannan ƙashin wuyan ta taso, maƙwabciyar saman ƙirji ce. Duk yadda ka ƙara miƙar da benci, haka take karɓe aikin.

Ɗan Kurna, bencin naku digiri nawa ne?

Ɗan Kurna: Wallahi likita ban sani ba. Na walda ne, a ƙafe yake, ba ya hawa ba ya sauka. Mai wurin ya ce 45 ne.

Fisiyo: Kowane mai wuri 45 yake cewa. Ka auna.

Mai Walda: Tunda an taɓo sana'ata bari in yi magana. Na haɗa bencin ƙarfe ya fi ashirin, kuma in faɗa muku gaskiya, ba wanda ya taɓa zuwa mini da lissafi. Hoto ake nuna mini a waya a ce "irin wannan". Ni kuma da ido nake yankawa. In na ga mutum zai zauna ya jingina, hannuna yakan tafi wajen kujera, don abin da na fi haɗawa ke nan. Ba mamaki wasu sun fi kusa da kujerar aski a kan benci.

Siriri: Ashe wata biyu Ɗan Kurna yana zaune a kujerar aski yana jiran ƙirji.

Na Damagaram: Auna shi ba wuya ɗan'uwa, ko waya ba ka buƙata. Samo tef ɗin tela. Auna tsawon allon da kake jingina, daga inda ya haɗu da mazauni zuwa ƙarshensa. Sannan ka auna tsayin ƙarshen allon daga ƙasa, ka cire tsayin mazaunin. In abin da ya rage rabin tsawon allon ne daidai, digiri 30 ke nan. In ya kai kashi bakwai cikin goma, 45 ne. In kwata ne, wajen 15. Lissafin aji uku na sakandare ne, wanda muka ce ba zai amfane mu da komai ba.

Ɗan Kurna: Yanzu zan fita can, zan taho da tef ɗin mamanmu.

Ƙaton Tudun Wada: Kafin ya dawo. Duk kuna ta maganar jingine, ba wanda ya ambaci bencin gangare, wanda kai ke yin ƙasa. Dorian Yates na Birmingham ta Ingila ya ci Mista Olimpiya, babbar gasar gina jiki ta duniya, sau shida a jere, 1992 zuwa 1997. Mutumin nan a fili ya sha faɗa cewa bencin kwance da sanda ba shi ne ya fi dacewa da gina ƙirji ba, kuma yana jawo yagewar tsoka. Gangare yake yabo, sai jingine marar tsayi. Ni shekara huɗu ke nan da na bar kwance. A gangare nake tura 130, kafaɗata ko ƙas ba ta yi.

Tsohon Ƙarfe: Arnold Schwarzenegger ya ci sau bakwai, kuma a kwance ya gina nasa. Ronnie Coleman sau takwas, shi ma bai guji kwance ba. In lissafin kofi za a yi ka sha ƙasa.

Ƙaton Tudun Wada: Arnold ai yana yin jingine shi ma, Baba. Ba kwance kaɗai ba.

Tsohon Ƙarfe: Bayan ya gama kwance. Tuwo ne kwance, sauran duk miya.

Fisiyo: Ku yi haƙuri, amma kafa hujja da waɗannan mutanen yana da wuya. Na ɗaya, halittarsu daban ce, shi ya sa muka san sunansu. Na biyu, Arnold da Yates duk sun faɗa da bakinsu cewa sun yi amfani da sitiroyid, maganin ƙara tsoka, a zamanin gasarsu. Mai wannan a jiki ko tura mota yake yi ƙirji zai fito. Ba ina rage musu wahalar da suka sha ba ne, amma ba su ne ma'aunin Ɗan Kurna ba.

Oga na Tudun Wada, 130 ɗin nan a gangare, nawa kake turawa a kwance in ka gwada?

Ƙaton Tudun Wada: Wajen 115 zuwa 120.

Fisiyo: Haka ake gani ga yawancin mutane. A gangare tafiyar sandar ta fi gajarta, kuma kafaɗa tana zaune a inda ta fi ƙarfi, shi ya sa nauyin ke ƙaruwa. Yawan kilo ba shi ke nuna tsokar ta fi aiki ba. Akwai wani tsohon bincike da aka yi a Ostireliya a 1995, aka manna wa masu ɗaga ƙarfe na'urar da ke auna wutar da tsoka ke fitarwa lokacin aiki. Ba su ga gangare ya fi kwance motsa ƙasan ƙirji ba, kuma a gangare ne saman ƙirji ya fi yin barci. Mutum shida kacal aka gwada, don haka ba aya ba ce. Amma ga wanda kukansa saman ƙirji ne, gangare ba maganinsa ba ne.

Ƙaton Tudun Wada: Mutum shida! Mu a wurinmu da yamma mun fi talatin.

Fisiyo: Ai ni na fara faɗa. Kuma don adalci, wannan binciken bai ga jingine ya fi kwance motsa saman ƙirji ba, wanda zai yi wa Baba daɗi.

Tsohon Ƙarfe: Ka ji ko! Turawa ma sun yarda da bokitin fenti.

Fisiyo: Baba kada ka yi saurin murna. An yi wani a Sifen a 2020 da mutum 30 da suka saba da ƙarfe, aka gwada kusurwa biyar: kwance, 15, 30, 45 da 60. Saman ƙirji ya fi aiki a 30. Tsakiya da ƙasa sun fi aiki a kwance. Da aka wuce 45 sai gaban kafaɗa ya karɓe ragama, ƙirji ya ja baya.

Ɗan Kurna: Na dawo. Allon santimita 90 ne. Ƙarshensa ya fi mazauni tsayi da santimita 75.

Na Damagaram: 75 bisa 90. Ɗan'uwa, wannan digiri 56 ne. Ba 45 ba.

Siriri: Inna lillahi. Kujerar aski ta tabbata.

Mai Walda: Ba ni na haɗa ba dai, ni ban taɓa aiki a Kurna ba.

Na Damagaram: A allo mai 90, in 30 kake so, tsayin 45 ne. In 45 kake so, wajen 64. In 15, wajen 23. Kun wuce duka.

Fisiyo: To ka ga inda ciwon ya fito. Wata biyu kana aikin kafaɗa da sunan ƙirji, kuma na tabbata kana da ranar kafaɗa daban a mako.

Ɗan Kurna: Ranar Laraba. Ƙirji Litinin da Alhamis.

Fisiyo: Sau uku ke nan a mako gaban kafaɗa ɗaya yana shan duka, biyu daga ciki a jere. Ko jaki ne ya yi ƙara.

Baban Amira: Ina ta karatu ban ce komai ba, amma bari in kawo ƙorafi a kan likita. Wannan na'urar wutar tsoka da kake kafa hujja da ita, abin da take nunawa shi ne wace tsoka ta fi motsi a wannan minti. Ba ta nuna wace ce za ta fi girma bayan wata uku. Mu kuma girma muke nema. Ka san da wanda aka yi a Brazil, shi ma a 2020? Samari 47 da ba su taɓa ƙarfe ba, aka raba su uku: masu kwance kawai, masu jingine kawai, da masu haɗawa. Mako takwas, sannan aka auna kaurin tsokar da sikanin. Masu jingine suka fi kowa ƙaruwa a saman ƙirji, a sauran wuraren kuma ba wani bambanci. Kuma bencin da suka yi amfani da shi kusan 45 ne, ba 30 ba. To yaya ke nan?

Fisiyo: Na san shi, kuma ƙorafinka daidai ne Malam. Shi ya fi kusa da abin da muke tambaya tunda nama aka auna. Sai dai bai gwada 30 da 45 ba, kwance da jingine ya gwada. Abin da zan ɗauka daga ciki shi ne jingine ba ƙarya ba ne, kuma wanda ya yi shi kaɗai bai yi asarar tsakiya da ƙasa ba. Tsakanin 30 da 45 kuwa ban ga abin rantsuwa ba.

Baban Amira: To me ya sa kullum kake tura mutane 30?

Fisiyo: Saboda kafaɗa, kuma saboda lambar da ke jikin benci ba ita ce lambar da ke jikin mutum ba. Wannan ne abin da ba a cika faɗa ba. Ka ɗauki mutum biyu ka kwantar a benci ɗaya mai 45. Na farko ya matse allunan kafaɗarsa baya, ya turo ƙirji sama, bayansa ya ɗan lanƙwasa. Ƙashin ƙirjinsa ya riga ya kwanta, wataƙila abin da tsokarsa ke gani bai fi 30 ba. Na biyu ya shimfiɗa baya shar a kan allo, ƙirji a faɗe, shi 45 ɗin cif yake sha ko fiye. Haka kuma mai faffaɗan keji, irin ƙirjin tattabara, ya fi jure benci mai tsayi a kan siriri mai shafaffen ƙirji.

Siriri: An zo kaina.

Fisiyo: Kai 20 ma ta ishe ka. Ba wasa nake ba. Shi ya sa nake cewa a fara daga ƙasa a hau, maimakon a fara daga sama ana saukowa bayan an ji ciwo.

Baban Amira: Wannan na yarda. Ni a 45 nake yi, amma na san ina banƙarewa sosai. Wata rana yarona ya ɗauke ni bidiyo ta gefe, na ga ɗuwawuna ya zame gaba, bayana ya bar allon, ashe na mayar da jingine kwance ban sani ba. Girman kai ne ya sa, nauyin ya fi ƙarfina. Da na rage kilo 15 na zauna daidai, washegari na ji tsamin a inda ban taɓa ji ba.

Mai Walda: Laifin mazauni ne wannan. In allon baya ya tashi, dole gaban mazauni ma ya ɗan tashi ya tare mutum, in ba haka ba zamewa za ka yi ta yi. Yawancin na gida ba a yi musu wannan.

Tsohon Ƙarfe: Duk na ji. Amma ku amsa mini wannan. Gasar tura ƙarfe ta duniya a wane benci ake yi? A kwance. Julius Maddox na Amurka ya tura kilo 355 a 2021, a kwance. 'Yan wasanmu masu buƙata ta musamman da suke ciyo wa Najeriya zinare, a kwance suke yi, ƙafafunsu ma a kan benci suke. Folashade Oluwafemiayo ta tura 167 a Paris a 2024, mace, ta kafa tarihin duniya. Ku nan masu gemu nawa ne za su ɗaga wannan daga kan ƙugiya ma? Ba wanda ya taɓa tambayar ka nawa kake turawa a jingine.

Ƙaton Tudun Wada: 167 kam ni na sallama mata.

Baban Amira: Baba, wasa biyu kake haɗawa. Waɗancan burinsu nauyi ya tashi daga ƙirji zuwa sama ta hanya mafi gajarta. Shi ya sa suke buɗe hannu har iyakar da doka ta yarda, santimita 81 tsakanin manuniya da manuniya, suna banƙare baya. Mai gina jiki kuma alƙali ba ya tambayarsa kilo, ido kawai ake sa masa. Samson Dauda, haifaffen Legas da ya koma Ingila, da ya ci Mista Olimpiya a 2024 a Las Vegas, ba wanda ya ba shi sanda a kan dandamali. Juyawa ya yi aka kalla. Ɗan Kurna bai ce yana son shiga gasar nauyi ba, riga yake so ta zauna masa.

Tsohon Ƙarfe: Riga! Mu a da don dambe da kokawa muke yi, ku don hoto.

Ɗan Kurna: Baba har da neman aure.

Admin: Jama'a a tsaya a kan batu. Kuma wanda ya turo tallan allurar ƙara ƙwanji na goge, in ya sake zan fitar da shi. Ba a sayar da wannan a gidan nan.

Fisiyo: Na gode Admin. Bari in koma kan maganar yagewa da Oga na Tudun Wada ya taɓo, don gaskiya ce. Yawancin yagewar tsokar ƙirji a benci take faruwa, lokacin da sanda ta sauko ƙasa, tsoka ta miƙe iyaka kuma nauyi na kanta. Jijiyar da ta riƙe ta a ƙashin damtse ce ke tsinkewa. Mutum zai ji kamar an yaga tsumma, kafin kwana biyu hammata da damtse sun yi baƙi, gaban hammatar ya rame. Wanda ya ga haka ya nufi asibitin ƙashi a makon, kada ya tsaya ɗori ko shafa man zafi, don ɗinkin ya fi kyau a makonnin farko. Amma ba kwanciyar benci ce kaɗai ke jawo shi ba. Buɗe gwiwar hannu har ta yi daidai da kafaɗa, sakin sanda ta faɗo ta yi tsalle a ƙirji, da ɗora nauyin gasa ba tare da ɗumama jiki ba, su ne manyan.

Tsohon Ƙarfe: Wannan na gani da idona. Wani yaro ne a wurinmu, an yi musu da shi a kan kuɗin shayi, ya ɗora abin da bai taɓa ɗagawa ba, da sanyin safiya lokacin hunturu. Ƙarar da muka ji har yau tana kunnena. Gida aka kai shi aka yi ta gashi da ruwan zafi. Ya warke, amma ɓangaren nan har yanzu a lotse yake. Ni ma in faɗi gaskiya, kafaɗata ta hagu shekara goma ke nan ba na iya kwanciya a kanta.

Siriri: Baba, ashe tuwon ma yana shaƙewa.

Tsohon Ƙarfe: Yana shaƙe mai haɗama. Ni na yi haɗama.

Ɗan Kurna: To yanzu me zan yi? Bencin jingine ɗaya ne a wurin, kuma ba ni da kuɗin komawa wurin masu na'ura.

Mai Walda: Aikin minti talatin ne. A yanke ƙarfen da ya tokare allon, a sa fata biyu irin ta ƙofa mai kauri a gindinsa, a samo bututu biyu ɗaya na shiga cikin ɗaya, a huda ramuka uku ko huɗu, a sa ƙusa mai kauri. Ka ba mai waldar lambobin da Na Damagaram ya faɗa, 23, 45 da 64. Abu ɗaya, in allon ya sauka, ƙugiyar da ake ajiye sanda za ta iya yi maka nisa ko tsayi. A gwada da sanda ba nauyi kafin a kashe walda. Kuma kada a yi amfani da bututu mai laushi don arha, wuyan mutum ne a ƙasa.

Na Damagaram: Kafin a gyara, mu nan abin da muke yi, mu sa bulo ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun bencin kwance ta wajen kai. Bulo mai tsayin santimita 23 a benci mai mita ɗaya tsakanin ƙafafu yana ba ka wajen digiri 13. Amma da dambel kawai, wato ƙananan ƙarafan da ake riƙe ɗaya a kowane hannu, kuma wani ya taka bencin.

Fisiyo: Bulo yana fashewa, katako mai kauri ya fi. Ɗan Kurna, ga abin da zan ce maka, kuma ban duba ka ba, don haka in ciwon yana tashinka da dare ko ba ka iya ɗaga hannu ka sa riga, ka je a gan ka. In ba haka ba: ka bar wancan bencin gaba ɗaya. Mako biyu ka ajiye tura nauyi sama da kai ranar Laraba. Ka yi jingine marar tsayi da dambel, don dambel yana barin hannu ya bi hanyar da kafaɗa ke so, set, wato zagaye, uku ko huɗu, kowanne sau 8 zuwa 12, ka tsaya saura ɗaya ko biyu ka gaza. Gwiwar hannu kada ta buɗe kamar fiffike, ta ɗan matso jiki. In ka koma sanda, a jingine tana sauka ne a saman ƙirji, ɗan ƙasa da ƙashin wuya, ba a kan nono ba kuma ba a maƙogwaro ba. Babban yatsa ya zagaye sandar. Masu ajiye shi gefe ɗaya da sauran yatsu suna wasa da ransu ne, gumi kaɗan sanda ta sulluɓe.

Kuma ka fara da jingine ranar Litinin tun da sauran ƙarfinka, ranar Alhamis ka fara da kwance don Baba ya huce.

Tsohon Ƙarfe: Yanzu ka yi magana.

Baban Amira: A ƙara da ja. Duk set ɗin turi a yi masa set ɗin ja na baya. Yawancin yaranmu abin da madubi ke nunawa kawai suke ginawa, sai ka ga kafaɗa ta ranƙwafo gaba, ƙirjin da ake wahala a kai ya ɓuya a ciki.

Ƙaton Tudun Wada: Ni dai ba ku raba ni da gangare ba. Amma na yarda ba na Ɗan Kurna ba ne. Kuma wanda zai yi, kada ya yi shi kaɗai, don in sanda ta ƙi tashi a gangare wuya take gangarowa, ba ciki ba.

Siriri: Tambaya ta tsakani da Allah. Wani abokina yana da nono irin na maza, an ce gangare yana ƙona kitsen wurin.

Ƙaton Tudun Wada: Abokinka ko?

Siriri: Ni ina na ga kitsen?

Fisiyo: Ba benci da ke zaɓar inda kitse zai narke, jiki gaba ɗaya yake ragewa. In kuma wani ƙullutu ne mai tauri a bayan kan nonon, wannan ba kitse ba ne, ƙarfe ba ya taɓa shi, likita zai gani. Yana cikin abin da allurar da Admin ya goge tallanta take jawowa.

Ɗan Kurna: Abinci fa? Kada in gyara benci a banza.

Baban Amira: Nawa ne nauyinka?

Ɗan Kurna: 64.

Baban Amira: Lissafin da aka fi yarda da shi wajen giram 1.6 na furotin a kowane kilo na jiki, kai wajen giram 100 ke nan a rana. Ƙwai ɗaya wajen 6 ne, ka ga ba za ka cike da ƙwai kaɗai ba a wannan tsadar. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, kindirmo, busasshen kifi. Garau-garau ma ka ce a fi yawan waken. In sikeli bai motsa ba wata biyu, ba kusurwa ce matsalarka ba, kwano ne.

Ɗan Kurna: Jama'a na dawo da rahoto, yau kwana goma sha biyu. Mai wurin da farko ya ƙi, ya ce shekara shida ana amfani da bencin ba wanda ya yi kuka. Na auna a gabansa, sai ga mutum uku sun ce su ma kafaɗarsu na ciwo, ashe kowa shiru ya yi. Muka yi karo-karo aka kira mai walda, ya huda ramuka uku. Ina yi a na tsakiya da dambel 18 kowane hannu. Ban ce ƙirji ya fito ba, amma tsamin yanzu a ƙarƙashin ƙashin wuya nake jin sa, kafaɗar kuma ta lafa sosai.

Fisiyo: Madalla. Ka ɗauki hoto yau, ka sake bayan wata uku a wuri ɗaya da haske ɗaya. Kada ka yi ta sauya rami kowane mako.

Mai Walda: Wace irin ƙusa ya sa?

Ɗan Kurna: Guntun rodi mai kauri, ya lanƙwasa kansa.

Mai Walda: Ya yi. Ku riƙa duba ramin, in ya fara faɗaɗa ku kira shi.

Tsohon Ƙarfe: Na Damagaram, zo nan. Jikana ya sa mini abin auna karkata a waya, na ɗora a kan bencina na gida don in nuna masa sifili. Ya nuna 9. Wayar ce ta lalace ko?

Na Damagaram: Baba, a ina bencin yake ajiye?

Tsohon Ƙarfe: A tsakar gida, wajen rariya. Can yake tun da na gina gidan.

Na Damagaram: Kanka ta wajen rariya yake ko ƙafarka?

Tsohon Ƙarfe: Ƙafa.

Mai Walda: Daɓen tsakar gida ai gangara ake ba shi don ruwa ya wuce. In kuma ƙafafun wajen rariya sun ci tsatsa sun lotsa, 9 ba abin mamaki ba ne.

Siriri: Jama'a ku taya ni ji. Shekara ashirin Baba yana bencin jingine yana zagin masu jingine.

Tsohon Ƙarfe: Admin, a fitar da yaron nan.

Admin: Ba zan iya ba Baba, ni ma dariya nake. Juya bencin ka sake aunawa mu gani.